Sunan da Na Kira Cikin Zazzaɓi

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta ma san ta tono ba. Ta zo hutu daga makarantarsu ta Gidan Waya, ta miƙe mini a kan doguwar kujera da waya a hannu tana murmushi ita kaɗai. Na ce me ake rabawa a cikin wayar nan? Ta ce labari take karantawa, na wani kyakkyawan saurayi da ya sauka a wani ƙaramin gari, ashe mai shan jinin mutane ne, wata yarinya kuma ta mace a kan sonsa. Wai har addu'a take yi kada a gano shi. Na saki baki ina kallonta. Na ce, "Ke, mai shan jini kika ce? Shi kike wa wannan washe haƙora?" Ta ce, "Kaka, labari ne kawai fa, kuma gayen ya haɗu." A zamaninmu wannan kalma ba a murmushi a kusa da ita. In aka liƙa wa mutum ita, ko ruwan sha sai ya yi tafiya kafin ya samu mai ba shi. Na tashi na shiga ɗaki na bar ta da gayenta.

Kafanchan ɗin da na sani ba wannan ba ce da keke da babur suka cika wa kunne. Garin jirgi ce. Jirgi ne agogonmu, shi ne kasuwarmu, shi ne ma mai kawo mana gulma daga Fatakwal da Jos da Kaduna. Tun kana kan tabarma za ka ji jiniyar loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, tana kiran ma'aikata, sai ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ana haɗa taragu, sai tsohon kan jirgi mai cin gawayi ya yi ta huci kamar dattijo ya hau tudu. Lokacin an gama yaƙin basasa ba da daɗewa ba, waɗanda suka gudu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya suna buɗe shagunansu, sababbin kawunan jirgi masu shan mai sun fara shigowa, manya na cewa kukansu ba daɗi. Mu 'yan mata da mun jiyo jirgi daga nesa sai mu suri tire, mai ayaba, mai lemo, mai dafaffen ƙwai, mu bi tagogi muna ihu da kowane yare muka iya. Hausa ce ta haɗa mu duka, kowa da irin tasa karyayyiya. Kwanan baya na sa aka bi da ni ta tashar. Ciyawa ta rufe layin, awaki na kwance a inda muke tsayawa, na kasa kunne ban ji komai ba sai injin markaɗe a bayan katanga. Na ce wa mai keken mu tafi.

Babana lebura ne a reluwe, cikin masu bin layi suna sake katako da ɗaure kusoshi. Gona kuma ba mu bar ta ba: acca, citta, ɗan gwaza a bakin rafi. Aikina kafin in tafi tasha shi ne ɗebo ruwa, da surfen acca, wanda duk macen da ta san shi ta san ciwon kafaɗa, da wanke citta a rafi har yatsu su tattare. Takalmi na Lahadi ne, sauran kwanaki ƙafa ce da laka. Ranar Lahadi mu cika majami'a, ni ina cikin mawaƙa, Mama tana cikin zumuntar mata da tulunta na kiɗa. Amma in mun dawo gida akwai wani wa'azin, na kakata uwar babana, wadda duk gidan ke kira Tsohuwa. Ita ba ta musun Fasto, tana dai cewa Fasto yaro ne, akwai abin da bai gani ba tukuna. Daga bakinta muka san maye: mutum ne kamar kowa, yana gaisuwa, yana zuwa jana'iza, amma in ya kama kurwar mutum sai ya riƙa tsotse jininsa daga nesa har ya koma fari kamar ɓararren rogo. Takan ce kada mu bar baƙo ya taɓa mana wuya, kada inuwarmu ta faɗa a kan ƙafarsa. Takan ce wanda aka kama, in zazzaɓi ya yi zafi, bakinsa da kansa zai kira sunan wanda ya kama shi. Kuma wanda ke hannun maye ba a kai shi asibiti, allura na taɓa shi ya tafi, sai fa in mayen ya tuɓe a gaban jama'a ya tsallake shi, ya sake shi tukuna. Mukan yi dariya mu ce Tsohuwa da tatsuniya. Amma duk dariyarmu, in baƙo ya tsaya kusa sai ka ga kowa ta gyara tsayuwa ta janye inuwarta.

To a irin wannan gari ne gwamnati ta turo ma'aikatan ciwon barci, waɗanda aikinsu ke nan taɓa wuya. Ciwon nan ƙudan tsando ke kawo shi daga kurmin bakin rafi, alamarsa ta farko kuma kaluluwa ce a wuya. Sai a yi shela a tara unguwa a filin makaranta, a jera mu, su bi layi suna lalube wuyan kowa. Wanda aka ji wa kumburi a soke shi da allura, a ɗiga abin da ya fito a kan ɗan gilashi, a soki yatsa ma a ɗauki jini, a leƙa ta wata na'ura mai ido ɗaya. Yau yaran nan da kansu suke kai jininsu a auna, ciwon kai kaɗan sun miƙa hannu. Lokacin kuwa har a rumbu uwaye ke ɓoye yara. Cikin ma'aikatan akwai wani dogo siriri mai tabarau, daga can ƙetaren Binuwai, wanda aka bari a garin bayan sauran sun wuce, don ya riƙa zagaya ƙauyuka da kekensa. Yara suka sa masa Duba-Wuya, sunan ya bi shi. Sunansa na gaskiya ba zan rubuta ba, ya riga ya sha wahala a bakina. Da ya iso kaina a layi ya ɗora yatsu a wuyana, hannunsa sanyi ƙalau, sai na ji yana rawa. Ya ce, "Ki yi haƙuri, akwai ɗan kumburi, sai na soka." Na ce, "Malam, da wannan hannun mai rawa? Ka bari ya nutsu mana." Abokan aikinsa suka fashe da dariya, shi kuwa har tabarau ya zame masa. Ya soka, ya leƙa na'urarsa, ya ce ba komai.

Washegari sai ga shi a tasha yana sayen ayaba. Kashegari ma haka. Mutum ɗaya, ba mata ba yara, kullum rungume da ayaba. Ranar da na gaji na ce, "Malam Duba-Wuya, biri kake kiwo a gida?" Ya ce, "A'a, ni ne birin." Ashe yaran unguwarsu yake raba wa. Soyayyar lokacin ba irin ta yanzu ba ce da ake ɗaukar hoto a watsa wa duniya. Ya jingine keke da ginshiƙin tasha, ni ina gyara tiren da ba ya bukatar gyara, mu yi maganar ruwan sama da wahalar kananzir, in koma gida ina waƙa har Mama ta ce in rufe mata baki. Wata rana ya bar ni na leƙa na'urar nan a gindin mangwaron makaranta, na ga jinina da idona, ƙananan ƙwayoyi birjik kamar an zubar da acca a faranti. Ya ce in an gama girbi kawunsa zai hau jirgi ya zo da dattawa su gaishe da Baba. Ban gaya wa kowa a gida ba. Yarinya mai tarbiyya a wurinmu ba ta buɗe baki ta ce wa iyayenta ga wanda take so. Jira take a yi sallama a ƙofar gida, sannan ta yi kamar ba ta taɓa ganin mutumin ba.

Da damina ta yi nisa sai jikina ya fara gazawa. Tulun da nake ɗauka ina tsalle ya koma sai na sauke a hanya. In na miƙe sai duhu ya rufe mini ido, zuciya na bugawa a cikin kunne. Duba-Wuya ne ya fara lura. A tsakiyar tasha, gaban kowa, ya sa yatsa ya ja fatar idona ƙasa ya leƙa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Jininki ya yi ƙasa sosai. Tsutsar ciki ce ko zazzaɓin sauro, ko duka biyu. Ki ce a kai ki asibiti." Na ce to, amma ban faɗa a gida ba, don a gidanmu wanda ke tafiya da ƙafarsa ba mara lafiya ba ne. Sai ya koma zuwa mahauta da sassafe yana sayen hanta ɗanya, ya naɗo a ganye jini na ɗiga a bayan kekensa, ya ba ni in gasa in ci. Ni ƙauna nake gani. Ashe garin ma yana kallo, shi kuma abin da yake gani daban ne: baƙo da ba a san danginsa ba, yana kwana shi kaɗai da kwalabe da gilasai masu jini, ba ya cin abinci a gidan kowa, yana yawo da ɗanyar hanta, ga yarinyar da ya soka wa wuya tana komawa fara a idon jama'a.

Na faɗi ne a bakin rafi da kwandon citta a kaina. Abin da ya biyo baya rabi na gani, rabi labari aka ba ni. Zazzaɓi ya rufe ni kwana da kwanaki, aka dafa ganye, aka yi turare, dattawan ikilisiya suka zo suka yi addu'a. Baba ya ce asibiti, Tsohuwa ta kwanta a bakin ƙofa ta ce sai dai a taka ta a wuce, wannan ba ciwon allura ba ne. Kullum ɗaki cike da mata 'yan dubiya, kowa ta kasa kunne, ni ban san abin da suke jira ba. Ni dai na san ina ƙonewa, ina neman hannun nan mai sanyi. Wata safiya sai na kira shi. Ba Duba-Wuya na ce ba, sunan da uwarsa ta raɗa masa na kira, na yi ta maimaitawa ina kuka ina cewa ya zo. Aka ce nan take wata maƙwabciya ta ɗora hannu a ka ta fita da gudu tana cewa, "Ya faɗa! Yarinyan ya faɗa sunan mutumin!"

Da hantsi zazzaɓin ya ɗan sauka, na farka na ga an shimfiɗe ni a kan tabarma a tsakar gida, an lulluɓe ni da zane. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka a gidanmu ba, har kan katanga, har kan bishiyar gwaiba. Waɗanda muke waƙa tare a majami'a, Hausawan kasuwa da muke saye da sayarwa da su, matan loko, kowa ya zo. A kan maye dai garin nan bakinsa ɗaya ne. Sai na ji hayaniya daga waje, samari da sanduna suka shigo da shi a tsakiyarsu, rigarsa a yage, tabarau babu. Ya tsaya yana ƙifta ido yana neman inda nake. Sai a lokacin na gane abin da bakina ya yi.

Na yunƙura na ce, "Ba maye ba ne! Saurayina ne, aure za mu yi!" Muryar ba ta fita sosai ba amma na kusa sun ji. Na zaci magana ta ƙare ke nan. Sai wata ta ce, "Kun ji ko? Har hankalin yarinyan ya cinye." Wata ta ce, "Haka suke yi, sai sun sa ka so su." Na ce hantar da yake saye ni yake ba, aka ce to ai kiwo yake yi. Na ce shi ne ma ya ce in je asibiti, Tsohuwa ta ce ai don allura ta ƙarasa masa aiki. Duk abin da na ɗauko don in kare shi sai ya koma sanda a hannunsu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mutanen nan sun goya ni, sun ba ni tuwo a gidajensu, amma na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ban gane ko ɗaya ba.

Tsohuwa ta nuna shi da sandarta, ta ce da Hausarta mai nauyi, "Kai yaro, ka cire kaya ka tsallake, ka sake mani jikana." Ina jira ya yi gardama. Mutum ne mai karatu, ma'aikacin gwamnati, in ya ce a kai shi wurin 'yan sanda dole a kai shi. Kuma kowa a wurin ya san tsallakewa amsa laifi ce, wanda ya yi ta ya zama maye har jikokinsa. Bai ko dubi Tsohuwa ba. Ya je gaban Baba ya durƙusa.

"Baba, in na tsallake, ta fita daga hannuna ke nan?"

Tsohuwa ce ta amsa ta ce e.

"In ta fita, allura ba za ta kashe ta ba?"

"Ba zai kashe ba," in ji Tsohuwa.

"To Baba, ka yi mini alkawari a gaban mutanen nan. Ina tsallakewa a ɗauke ta zuwa asibiti. Yanzu, ba anjima ba."

Baba ya ce, "Na yi alkawari, da sunan Ubangiji."

Ya miƙe ya cire ragowar rigar, ya cire dogon wando, ya ninke shi ya ajiye a kan turmi. Samari suka fara ihu a cire duka, Baba ya daka musu wata tsawa da ban san yana da ita ba, aka bar shi da gajeren wando. Ina kwance ina cewa kada ka yi, kada ka yi. Na ga dogayen ƙafafunsa sun wuce ta kaina, ya juyo ya sake wucewa, sai mata suka ɗauki guɗa. Guɗa fa, irin ta biki! Bai jira sun gama ba, ya dubi Baba ya ce, "Baba, alkawari." Aka ɗora ni a amalanken maƙwabci, Baba na turawa, Mama na riƙe da kaina, shi kuma aka bar shi tsaye a tsakar gidanmu yara na jifansa da tsakuwa.

A asibiti likita ya ja fatar idona yadda Duba-Wuya ya yi a tasha, ya yi wa su Baba faɗa da Turanci, nas ta fassara da Hausa ta ƙara nata. Aka ce sai an ƙara mini jini a ranar, in ba haka ba ba lallai in kwana ba. Aka gwada na Baba bai dace ba. Mama aka ce ita kanta jinin take nema. 'Yan uwan da suka rako mu, da suka ji zancen ɗibar jini, wannan ya tuna bai ɗaure akuya ba, wancan ya fita fitsari, har yau bai dawo ba. Ni ban san komai ba, na dai farka na ga kwalba a rataye, jan abu na bin roba yana shiga hannuna. Da na ɗan farfaɗo, nas ɗin, wata mai faɗa amma mai kirki, tana gyara mini gado ta ce, "Ke kin yi sa'an miji. Dogon nan ya biyo ku ba ko takalmi, ya ce a ɗiba nashi ko nawa ake so. Sai da muka kore shi ya je ya sha shayi." Mama na zaune a gefe, ga matan zumunta sun zo gaisuwa. Na juya na dube ta ina murna, a raina na ce yanzu kam gaskiya ta fito. Mama ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ai dole. Abin da ya sha ne ya mayar." Matan suka ce ƙwarai kuwa, Allah ya kama shi. Daga bakin Tsohuwa zan iya ɗaukar wannan magana, amma ba daga bakin uwata ba.

Daga nan na gane tarkon da muke ciki. Kowace safiya da kumatuna suka ƙara cika, shaida ce a kansa. Masu zuwa dubiya sai su kama tafin hannuna su juya, su ce ku ga ja ya dawo, ashe da gaske ne. Labari na zuwa mini daga gari: mai tuwo ta daina sayar masa, mai gidan da yake haya ya fitar masa da kaya, in ya shiga ƙauye da kekensa sai a watse a bar masa kaji. Aikin duba wuya ya tsaya cak, manyansa suka ce za a mai da shi wani lardi. Ni kuwa da tunanin ƙuruciya sai na yanke shawara: tunda warkewata ce ke kashe shi, ba zan warke ba. Na rufe baki, ba kunu ba fate, magani in ɓoye a ƙarƙashin harshe in tofar. Nas ta yi faɗa har ta gaji. Rannan da la'asar, Mama ta tafi wanki, sai na ji an ƙwanƙwasa tagar bayan gadona. Shi ne, da tabarau ɗaure da zare, ya rame har ya fi ni.

"An ce ba kya cin abinci."

Na ce, "In na warke sun ce kai ne."

"In kin mutu ma ni ne. Sai su ce na tsallake da ƙarya." Ya yi ɗan murmushi. "Tunda ko ta ina ni ne, ki bar ni da wanda kike da rai a ciki. Kuma jinin nan da wahala na tara shi, kada ki yi mini asararsa."

Na yi dariya ina kuka. Na ce ya tafi da ni. Ya ce in ya tafi da ni za a ce maye ya dawo ya ɗauke abinsa, su Baba su zauna da wane ido a garin? Ya ce gobe zai hau jirgin Kaduna. Na ce to ni zan wanke shi. Ranar da za a kai ni godiya majami'a zan tsaya gaban kowa in faɗi komai, in kira nas ta yi shaida, sai ya dawo da kawunsa yadda muka yi. Ya ce, "Ki ci abinci tukuna." Wannan ne ganina da shi na ƙarshe.

Na ci, na warke, na koma gida har zanena na Lahadi ya ƙi zagaya ni. Aka sa ranar godiya. Ana gobe, da yamma, muna surfe ni da Mama a bayan ɗaki, sai na gaya mata abin da zan yi in Fasto ya ba ni dama. Tun asibiti ban yi mata doguwar magana ba, ina riƙe da ita a zuciya. Na ce, "Ke ma kin san ƙarya ce, Mama. Kin ji abin da nas ta faɗa da kunnenki, kika ce wai abin da ya sha ne ya mayar." Ta ajiye taɓarya. Ta leƙa ta ga ba kowa, ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da turmi, ta yi magana da yarenmu, ƙasa-ƙasa.

Ta ce ta san da zancenmu tuntuni, uwa ba makauniya ba ce. Ta ce, "Kin san sunan wa matan nan suke jira ki kira, da suke cika ɗakin? Nawa. Ni ce baƙuwa a gidan nan, daga wani ƙauye aka auro ni, kuma yayyenki biyu a hannuna suka mutu kafin a haife ki. Tsohuwa ta riga ta faɗa wa babanki. In kin tashi gobe kin ce ba shi ba ne, ba za su ce ciwo ne ba. Za su ce to wane ne."

Na ce, "Shi ya sa kika bar su suka kama shi?"

"Ban bar su ba. Riga su zuwa na yi."

Ta ce tana jin na kira sunan, ana ihu ana tara samari, ta ɗauki tulu kamar mai zuwa rafi, ta bi ta bayan layin dogo, ta same shi yana ɗaure kaya a keke zai fita ƙauye. Da ya hau keken nan ya tafi, da ba su same shi ba. Ta durƙusa masa a ƙasa, ta gaya masa suna zuwa, ta gaya masa ba za a bar ni in ga asibiti ba sai an tsallake ni, ta roƙe shi kada ya gudu, kada kuma ya musa. Washegari a majami'a godiya na yi na koma na zauna. Kuma har Mama ta rasu ban tambaye ta ko don ni ta je ko don kanta ba, ina jin ita ma ba ta iya raba su. A yammacin nan dai abu ɗaya na iya tambaya.

"Me ya ce miki?"

Mama ta goge ido da bakin zane. "Ya ɗaga ni, ya ce, Mama tashi, kada a gan ki a nan. Ya kwance kayan ya mai da keken ɗaki. Har na juya zan tafi sai ya kira ni, yana sunkuyar da kai don kunya. Ya ce, Mama, a garinku tsirara ake yi, ko ana barin mutum da gajeren wando?"